Tuddan Durɓi Ta Kusheyi Da Wajibcin Kiyaye Su

Gabatarwa

Kimanin kilomita 32 gabas da Birnin Katsina, a cikin ƙasar Mani, akwai wani ƙauye da ake kira Durɓi ta Kusheyi. A bayan garin akwai waɗansu tuddai, manya da ƙanana, waɗanda baƙo zai iya wucewa ta gabansu bai ko waiwaya ba, domin a ido ba su wuce tarin ƙasa ba. Amma waɗannan tuddai ba halitta ba ne, hannun ɗan Adam ne ya tara su, kuma a ƙarƙashinsu manyan mutanen ƙasar Katsina ne na zamanin da suke kwance tare da kayansu. Kalmar kushewa, wadda jam'inta shi ne kusheyi, tana nufin kabari, saboda haka sunan garin da kansa ya riga ya faɗi abin da ke wurin.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana abin da ake nufi da tudun kushewa, ta kawo tarihin tonon da aka yi a Durɓi har sau biyu, sa'an nan ta nuna dalilin da ya sa kiyaye irin waɗannan wurare ya zama wajibi. Abin da za a yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, darajar tudun kushewa ba ta tsaya ga kayan da ke cikinsa ba. Mafi yawanta tana ga yadda kayan suke a jere cikin ƙasa, kuma da zarar an wargaza wannan jeri, ba mai iya maido shi.

Ma'anar Tudun Kushewa

Tudun kushewa shi ne tulin ƙasa ko na duwatsu da ake tarawa a bisa kabari da gangan, har ya yi tsayi ya zama alama da ake hangowa daga nesa. Ya kamata a bambanta shi da tudun kufai, wato tudun da yakan tashi a hankali inda mutane suka daɗe suna zaune, suna rushe ɗaki suna gina wani a kansa, toka da sakaina suna taruwa. Misalin irin wannan shi ne tudun Daima a ƙasar Borno, wanda Graham Connah ya tona a 1965 da 1966, ya sami zaman mutane hawa-hawa na fiye da shekara 1,500. Shi kuwa tudun kushewa aiki ne na lokaci guda, domin mutum guda ko mutane kaɗan.

Tara ƙasa mai yawa haka yana bukatar hannaye masu yawa, da abincin da za a ciyar da su, da kuma mai faɗa a ji wanda zai tara su. Don haka ko kafin a sa fatanya, girman tudu kaɗai ya isa ya nuna cewa al'ummar da ta gina shi tana da shugabanci da wadata.

Wannan al'ada tsohuwa ce a Afirka ta Yamma. A cikin Sahara, musamman a ƙasar Azbin, akwai kusheyin duwatsu masu ɗimbin yawa, waɗansunsu sun yi shekaru dubbai. Haka nan a 1068 wani malami ɗan Andalus, al-Bakri, ya bayyana yadda ake binne sarkin tsohuwar daular Gana. Ya ce akan kafa ɗaki na katako, a kwantar da sarki a ciki tare da kayan adonsa da makamansa da ƙoren cinsa da shansa, har da waɗansu daga barorinsa, sa'an nan a lulluɓe ɗakin da tabarmi, jama'a su yi ta zuba ƙasa har ya zama babban tudu. A farkon ƙarni na 20 wani sojan Faransa, Louis Desplagnes, ya tona irin waɗannan tuddai a yankin kogin Kwara na ƙasar Mali, kuma abin da ya samu ya yi kusa ainun da bayanin al-Bakri. Wannan ya nuna cewa tuddan Durɓi suna cikin wata babbar al'ada ta binne manya wadda ta game ƙasashen Sudan kafin Musulunci ya kafu.

Durɓi A Tarihin Katsina

Tarihin baka ya nuna cewa Durɓawa su ne gidan sarauta na farko a ƙasar Katsina. Ana farawa da Kumayau, wanda labarin Bayajida ya sa shi cikin jikokin Bayajida, a ƙare da Sanau. Shi Sanau shi ne wanda aka ce Korau, mutumin 'Yandoto, ya kayar a kokawa ya kashe, mulki ya koma hannunsa. Bisa lissafin da yawancin masana tarihi suke bi, Muhammadu Korau ya yi zamani a ƙarni na 15, kuma shi ake ɗauka sarkin Katsina Musulmi na farko. Duk da haka sunan Durɓi bai ɓace ba, domin ya zama sarauta babba a fadar Katsina. Durɓin Katsina yana cikin masu zaɓen sarki.

Matsalar da ke akwai ita ce, Durɓawa ba su bar rubutu ba. Abin da ake da shi game da su jerin sunaye ne da labarun da aka riƙa miƙawa daga baki zuwa baki, waɗanda ba a rubuta su ba sai bayan ƙarnuka. Wannan shi ake kira zamanin da ya gabaci rubutaccen tarihi, kuma lokacinsa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Masar ya ƙare tun shekara 5,000 da suka wuce, a ƙasar Hausa kuwa ya kai har wajen ƙarni na 15. Duk mai son sanin abin da Durɓawa suka sa a jiki, da wa suka yi ciniki, da yadda suka ɗauki mutuwa, ba shi da wata shaida da zai taɓa da hannu in ban da abin da ƙasa ta riƙe. Tuddan nan, waɗanda yawansu ya kai aƙalla takwas, su ne mafi girman wannan shaida.

Tono Na Farko, 1907

A 1907 H. R. Palmer, jami'in mulkin mallaka mai kula da Katsina a lokacin, ya sa aka tona waɗansu daga cikin tuddan, da haɗin kan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda bai daɗe da hawa gadon sarauta ba. Palmer mutum ne mai sha'awar tarihin ƙasar Hausa da Borno, shi ne kuma ya wallafa tarin tarihohin nan mai suna Sudanese Memoirs a 1928. Amma shi ba masanin binciken kufai ba ne, kuma a wancan zamani dabarun aikin ba su bunƙasa ba.

An sami kayan yumɓu da na ƙarfe a wannan tono. Sai dai kayan sun salwanta, bayanin da ya rage game da su kuwa ɗan kaɗan ne. Tudun da aka riga aka farke cikinsa ba ya komawa yadda yake, ko da an mayar da ƙasar. Ashe ke nan tonon 1907, ko da yake an yi shi da niyyar neman sani, ya cinye wani kaso na shaidar, bai bar wa na baya abin da za su sake dubawa ba. Bayan shekara 52, wato a 1959, gwamnati ta sa manyan tuddai uku da ƙanana biyu na Durɓi cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa waɗanda doka ta kare.

Tono Na Biyu, 1992

A 1992 aka sake komawa Durɓi a ƙarƙashin wani shirin bincike na Jamusawa wanda Dierk Lange na Jami'ar Bayreuth ya jagoranta, tare da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. An tona tuddai uku, aka kuma tarar da mutum ɗaya kwance a tsakiyar kowannensu. Muhimmin abin da ya bambanta wannan tono da na farko shi ne dabarar da aka bi. Maimakon a tsince kayan ɗaya bayan ɗaya a cikin rami, sai aka yanko ƙasar da ke riƙe da su dunƙule-dunƙule, aka ɗauke ta yadda take, aka kai Gidan Tarihi na Jos aka ajiye.

Dunƙulen nan sun yi shekara 15 a Jos. A 2007 hukumar ta ƙulla yarjejeniya da wani babban gidan tarihi da ke birnin Mainz a Jamus, aka kai su can, ƙwararru suka buɗe su sannu a hankali, suna tsabtace kowane abu, suna rubuta inda yake da abin da ke maƙwabtaka da shi. An baje kolin kayan a Mainz a 2011, daga baya aka maido su Nijeriya.

Abin da aka samu ya haɗa da mundaye na tagulla da na hauren giwa, da kayan ado na zinariya, da duwatsun wuya na gilashi da na dutse, da wuri, da kwanukan ƙarfe. Bayan waɗannan kuma an sami ɓurɓushin tufafi da fatu da katako, waɗanda da an yi gaggawa da sun bi ƙura. Da yawa daga kayan aikin gida ne, amma waɗansu daga nesa suka zo. Akwai wata tasa ƙirar Gabas ta Tsakiya wadda masana suka ce an yi ta a ƙarshen ƙarni na 15 ko farkon na 16. Wuri kuwa daga Tekun Indiya yake fitowa. Awon da aka yi ya nuna cewa kusheyin uku ba na lokaci ɗaya ba ne, sun faro daga wajen ƙarni na 13 ko na 14, suka kai na 15 ko na 16.

Daga wannan ana iya fahimtar abu uku. Na farko, manyan ƙasar Katsina suna da hannu a fataucin Sahara tun a wancan zamani, har kayan ƙasashen Larabawa suna isowa gare su. Na biyu, akwai gwanayen maƙera da masaƙa da majema a ƙasar tun kafin a fara ambaton su a rubuce. Na uku, idan aka bi lissafin da ya sa Korau a ƙarni na 15, to binne manya da kayansu ya ci gaba a Durɓi har bayan Musulunci ya shiga fadar Birnin Katsina, wato sauyin addini da na mulki ba dare ɗaya suka auku ba. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da jerin sunayen sarakuna zai iya faɗa.

Abin Da Ake Rasawa Idan An Wargaza Tudu

Masana binciken kufai sukan kwatanta tudu da littafin da sau ɗaya kaɗai ake iya karanta shi, domin mai karatun yana yage kowane shafi yayin da yake buɗe shi. Ga yadda abin yake. Ƙasa hawa-hawa take kwanciya, na ƙasa ya riga na sama, saboda haka zurfin da aka sami abu yana nuna shekarunsa in an gwada da na kusa da shi. Haka kuma matsayin abu a jikin mamaci yana da magana. Wuri a warwatse wuri ne kawai, amma in an same shi a jere kewaye da ƙugu, an san ɗamara ce aka yi wa ado, ko da zaren ya ruɓe.

Daɗin daɗawa, awon shekaru ya dogara ne ga abubuwan da ɓarawo ba ya ko kallo. Duk abu mai rai yana ɗauke da wani sinadari da ake kira kabon 14, wanda yakan fara raguwa daga ranar da abin ya mutu, rabinsa yana ƙarewa cikin kimanin shekara 5,730. In an auna abin da ya rage a cikin gawayi ko ƙashi ko guntun fata, sai a ƙiyasta lokacin da ya mutu. Tagulla da zinariya ba sa karɓar wannan awo. Saboda haka wanda ya ɗauke munduwa ya watsar da ruɓaɓɓen ƙyallen da ke manne da ita, ya raba ta da shekarunta ke nan. Ta zama abin ado a kantar wani attajiri, ba ta iya ba da shaida a kan kowa.

Barazanar Da Ke Fuskantar Irin Waɗannan Wurare

Barazana ta farko ita ce ta yanayi. Ruwan sama yana zaizaye tudu kowace damina, musamman in an sare itatuwa da ciyayin da ke riƙe da ƙasarsa. Gara da dabbobi masu haƙa rami su ma suna yin tasu ɓarnar.

Ta biyu ita ce ta bukatun yau da kullum. Yawan jama'a yana ƙaruwa, gonaki suna matsowa, manomi yakan ci kunya ɗaya daga gindin tudu bana, ya ƙara wata baɗi. Mai neman ƙasar gini yakan ga tudu a matsayin ƙasar da aka riga aka tara masa. Aikin hanya kuwa yana iya share a yini ɗaya abin da ya yi shekara 600 a tsaye. Yawancin masu wannan ɓarna ba mugunta ke sa su ba, rashin sani ne.

Ta uku, wadda ta fi muni, ita ce ta masu haƙa domin sayarwa. Abin da ya sami maƙabartar Bura a yammacin Jamhuriyar Nijar ya isa misali. An gano wurin a 1975, Boube Gado na Jami'ar Yamai ya tona shi bisa ƙa'ida a 1983. Bayan an nuna kayan Bura a Faransa a shekarun 1990, sai kasuwarsu ta buɗe a Turai, mahaƙa suka bi maƙabartun yankin suna farkewa. A daidai wannan lokaci aka yi wa wuraren Nok irin wannan ta'asa, haka ma waɗansu wurare a ƙasashen Katsina da Sakkwato inda ake samun mutum-mutumin yumɓu. Abin ya kai a 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa waɗannan kaya cikin jerin kayan tarihin Afirka da ke cikin haɗari, ta gargaɗi masu saye. Talakan da ya yi haƙar ɗan abin da ba ya kai masa ko'ina yake samu, ribar tana wajen dillalai, asarar kuwa ta kowa da kowa ce.

Matsayin Doka

Nijeriya ba ta rasa dokoki ba. An kafa dokar kayan tarihi a 1953, aka ƙara wata a 1974 wadda ta hana cinikinsu barkatai, sa'an nan Doka ta 77 ta 1979 ta kafa hukumar da aka ambata a baya. Wannan doka ta hana tono domin neman kayan tarihi sai da izini, ta hana fitar da su waje sai da takarda, ta kuma wajabta wa wanda ya ci karo da irinsu ya sanar da hukuma. A fagen duniya kuma Nijeriya ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana safarar kayan tarihi, da ta 1972 kan wuraren gado na duniya. A ƙarƙashin ta biyun aka karɓi Sukur a 1999 da kurmin Osun na Oshogbo a 2005. A 2006 kuma aka karɓi da'irorin duwatsu na Senegal da Gambiya, waɗanda akwai tuddan kusheyi masu yawa a tare da su. Wannan ya nuna cewa duniya tana ganin girman irin abin da ke Durɓi.

Sai dai doka a takarda take, tudu kuwa a daji yake. Tarar da aka yanka da kuɗin 1979 ba ta tsorata mai cinikin da ake yi da dala. Hukumar da ke da ofis a birni ba ta iya ganin abin da ake yi a bayan ƙauye da tsakar dare.

Hanyoyin Kiyayewa

Mataki na farko shi ne a san abin da ake da shi. Ya kamata a auna kowane tudu, a zana taswirarsa, a shata masa iyaka da duwatsu, a bar masa fili kewaye wanda garma ba za ta shiga ba, a kuma biya mai gonar da abin ya shafa diyya.

Na biyu shi ne a rage tono. Ba kowane tudu ya kamata a buɗe ba. Abin da aka iya ganowa a 2007 ba a iya gano shi a 1907, haka nan na baya za su zo da dabarun da suka fi na yanzu. Akwai ma na'urorin da ke nuna abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba tare da an haƙa ba. Tudun da aka bari a rufe ajiya ce aka yi wa masu zuwa.

Na uku, wanda shi ne ginshiƙi, shi ne a sa mutanen wurin a gaba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hakimi da dagaci da masu unguwa su ne suka san baƙon da ya shigo da wanda ya kwana yana haƙa. In an ɗauki masu gadi daga cikin 'yan garin, aka kai 'yan makaranta suka ga kayan da aka tono daga ƙasarsu, aka rubuta bayanin wurin da Hausa, jama'a za su ɗauki tuddan a matsayin nasu.

A nan ya kamata a kau da wani ruɗani. Waɗansu suna ganin kula da kusheyin mutanen da suka gabaci Musulunci kamar ɗaukaka maguzanci ne. Kiyaye wuri daban, bauta masa daban. Bahaushe ya gaji girmama maƙabarta, ba ya taka kabari, ba ya noma a kansa. Abin da ake nema a Durɓi bai wuce wannan ba, sai ƙarin cewa waɗanda ke kwance a wurin suna riƙe da labarin asalin masarauta guda.

Na huɗu ya shafi ɗaliban Hausa kai tsaye. Sunayen da mutanen gari suke kiran kowane tudu, da labarun da ake bayarwa a kansa, da kirarin Durɓawa, duk suna bakin tsofaffi, kuma su ma suna zaizayewa kamar yadda ƙasa take yi. Tattara su da rubuta su aiki ne da ba ya bukatar fatanya ko izinin tono, masanin harshe kuma ya fi kowa cancantar yin sa.

Kammalawa

An ga yadda tono biyu a wuri ɗaya suka haifar da sakamako mabambanta. Na 1907 ya fitar da kaya suka salwanta, na 1992 ya kiyaye jerin kayan har aka karanta shi bayan shekara 15, aka ƙara wa tarihin Katsina abin da ba ya cikin kowane kundi. Bambancin da ke tsakaninsu haƙuri ne da rubuta abin da aka gani. Abin da ya rage a Durɓi ta Kusheyi, da sauran wurare irinta a ƙasar Hausa waɗanda ba a ko ƙidaya ba, ba shi da madadi. Ganuwar da ta faɗi ana iya sake ɗora ta, amma tudun da aka wargaza ya tafi ke nan, shi ya sa rigakafi a wannan fage ya fi magani nesa ba kusa ba.